Gwiwar Surukin Baba

Ranar da aka kai Baba makwancinsa, layinmu ya cika da mutanen da rabonsu da ƙofar gidan tun yana iya fita da ƙafafunsa. Ƙanena ne ke shigowa cikin gida yana gaya mana waɗanda suka zo: tsofaffin 'yan wasan hoki da tumbi ya fito musu, shugabannin kulob-kulob, da wasu daga ofishin wasanni cikin manyan riguna masu sitaci. Kowannensu, in ji shi, sai ya girgiza kai ya ce an yi rashin mai gaskiya. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta taɓe baki ta ce, "Gaskiyar da suke canza hanya idan sun hango ta? Zuwa dai suka yi su tabbatar an binne ta." Inna ta ce mata ta ji tsoron Allah, gidan makoki ne. Ni ban sa baki ba, amma a raina ina bayan Gwaggo. 'Yar Baba ce ni, kuma gadon da na karɓa tun yana raye shi ne rashin saurin yarda da mutum, ko da kuka yake yi.

Mutum ɗaya ne na yarda da hawayensa. Wani ɗan kudu ne mai shagon takalma a Wunti, wanda ya taɓa tsare wa kulob ɗin su Baba raga. Ya roƙa aka shigo da shi har bakin zaure don ya yi wa Inna gaisuwa da bakinsa. Ya durƙusa, ƙaton mutum da furfura, ya ce, "Mama, sannu. Baba ya tafi, gaskiya ya tafi. Lokacin da kowa ya ce ni na gama, shi kaɗai ya ce ban gama ba." Sai ya tashi yana share fuska da hannun riga.

Mijina ma yana wajen. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma shi ya tsaya kusa da ƙanena yana karɓar gaisuwa har rana ta faɗi. Mata suka yi ta shi masa albarka, wai suruki ya zama ɗa. Su ba su san abin da na sani ba. Shekaru da yawa mijina yana riƙe da Baba a zuciya, ni kuma yana riƙe da ni fiye da Baban, don ya yi imani ni ce na tona masa asiri a wurin mahaifina har aka fasa cinikin da zai gyara rayuwarsa. Ban yi ba. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya wanke ni, shi ne kuma aka rufe da ƙasa ran nan. Na yi kukan rashin uba, na kuma yi kukan rashin shaida, kuma ba zan ɓoye ba, akwai haushinsa a cikin kukan.

Ga wanda bai san Baba ba, aikinsa a takarda koyar da wasan hoki ne. Amma abin da aka san shi da shi, har a jihohin da bai taɓa kwana ba, shi ne sanin darajar ɗan wasa. A hoki ba kasafai kuɗi ke magana ba. Musaya ake yi: ku ba mu ɗan gabanku, mu ba ku ɗan baya da mai tsaron raga. Wani lokacin kuma kulob ɗin wani kamfani ko wata hukuma ya ɗauki yaro ya ba shi aiki na dindindin, wanda ya fi kowane kofi amfani ga ɗan talaka. Duk lokacin da irin wannan magana ta taso, ɓangarorin biyu sai sun nemi Baba kafin a tafa hannu, don kowa na tsoron a sayar masa da gurgu da sunan gwarzo. Idan ka ce masa dillali kuwa, kun ɓata ke nan. Yakan ce dillali so yake ciniki ya faɗa, shi kuwa rabin aikinsa hana ciniki ne.

Bai yarda da komai ba sai abin da idonsa ya gani ba a shirya masa ba. Idan aka ce a zo a ga gwanintar wani yaro ranar kaza, Baba ba zai je ranar kazan ba, zai je ranar da ba a sa ran shi, ya tsaya can gindin bishiya kamar mai jiran keke. Yawan cin ƙwallo ba ya burge shi. "Wanda ya ci kowa ya gan shi," yakan ce, "ni wanda ya miƙa masa nake nema." Yakan karɓi sandar yaro ya juya ta ya dubi inda ta cinye, daga nan ya san ko yaron na iya juya hannu ko gefe ɗaya kawai ya sani. Shekaru kuwa, ko takardar haihuwa ka kawo masa da hatimi, dariya zai yi. Sai ya ja yaro da hira, ya tambaye shi da su wa aka yi musu kaciya, wane malami ya fara rubuta masa allo, sannan ya je unguwarsu ya ga abokan kaciyar da 'ya'ya suna bin su. Yara da yawa sun tsufa da shekara biyar tsakanin azahar da la'asar a hannun Baba.

A gida ma ba mu tsira ba. Idan Inna ta ce nama ya yi tsada, sai ya tambaye ta wurin wane mahauci. Idan na ce kaina na ciwo ranar makaranta, ba zai musa ba, sai ya sa a soya mini masa a ajiye kusa da ni ya koma gefe yana kallo. Inna takan ce ko ruwan sama aka ce ana yi sai Baba ya miƙa hannu ta taga. Muna dariya, amma zama da mutumin da kullum yake auna ka yana da gajiya, kuma sau da yawa na yi fatan ya yarda da ni haka kawai don ni 'yarsa ce.

Amma wannan rashin yardar ce ta ceci mai shagon takalman nan. Lokacin da kulob ya so ya sallame shi, wai tsufa ya kama shi, ƙwallo na wuce shi ta ko'ina, Baba ya ƙi yarda da wannan ma. Ya lura cewa da safe mutumin na tare komai, da yamma ne yake lalube. Ya ɗora shi a bayan babur ya kai shi wurin likitan ido, aka samu abin ba na ƙafa ba ne ba na shekaru ba. Da tabarau a fuska ya ƙara shekaru yana tsaron raga, har ya tara jarin shago. Baba bai taɓa ba mu wannan labarin ba, a bakin matar mutumin muka ji.

Mijina kuwa a Zungur ya tsinto shi. Baba na da 'yar gona a can, wata rana bayan girbi ya tarar da samari suna ƙwallon gora a fako, da sandunan da suka sara da kansu da ƙwallon goruba. Ya ga wani dogo yana ratsa mutane ƙwallon na manne da sandarsa. Bai yi masa magana ba, ya dai yi ta komawa gonar har Inna ta fara zargin ko wani abin ya gani a Zungur ban da dawa. Daga baya ya kawo shi birni, ya koya masa hoki na gaske, ya zama tauraron kulob ɗin, wanda idan ya karɓi ƙwallo har masu sayar da rake ke barin baro su matso. Ni na fara son sa, shi ma ya so ni, kuma Baba ya ja mu dogon lokaci yana bincike kafin ya amince. Ran da ya amince ɗin, na ɗauka mijina ya gama cin jarrabawarsa ke nan.

Muna da jariri a hannu maganar ciniki ta zo. Wani kulob na kamfani a kudu ya nemi mijina. Za su ba kulob ɗinmu 'yan wasa biyu a madadinsa, shi kuma su ba shi aiki mai fansho da ɗakin zama. A lokacin ɗakin haya muke, rufin yana yoyo. Abin da ba wanda ya sani shi ne, kafin nan da kaɗan mijina ya gurɗe gwiwar hagu a wani wasa. Ya tashi ya ci gaba da gudu kamar ba komai, amma a gida ni ke dafa ruwa ina gasa masa, ina shafa man zafi, in ɗaure da tsumma. Ya rantsar da ni kada ko Inna ta ji. A fili yana ɗaure fuska ya yi wasa, babu ɗingishi ko kaɗan, har ni ina mamakinsa.

Wakilin kamfanin ya zo Bauchi, ya kalli wasa, ya yaba, sannan ya yi abin da kowa ke yi, ya nemi Baba. Abin da Baba ya ce masa ya zagaya gari kafin mutumin ya kai tasha. Ya ce, "Hannu da kai, ba ku da kamarsa. Amma gwiwarsa ta hagu ba za ta kai ku damina biyu ba. Idan kun ɗauka, ku ɗauka da sanin haka." Ba su ɗauka ba.

Mijina ya dawo gida bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Mu biyu muka san maganar nan a duniya. Ni dai ban faɗa ba." Na rantse da duk abin da Musulmi ke rantsuwa da shi. Ya ce, "To, na ji," ya tashi ya fita.

Washegari da hantsi na goya jaririna na tafi gida. Na tarar da Baba a tsakar gida yana naɗa wa wata sanda zare a mariƙi, ko a jikinsa. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, "Baba, surukinka ne fa. Uban wannan da ke bayana."

Ya ce, "Uwata, zauna." Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Da na ce lafiyarsa ƙalau, gwiwar ta watse a hannunsu, wa zai ƙara ɗaukar ɗan Bauchi da maganata? Yara nawa ke bayansa suna jiran irin wannan ƙofar?"

Na ce, "Ko kuwa dai ba ka so tauraronka ya bar maka kulob?"

Ya ɗago ya dube ni, ya ɗan murmusa, kamar tambayar ta yi masa daɗi. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, kuma har yau ban cire wannan zargin gaba ɗaya daga raina ba. Na ce to ya bar wannan, ya gaya mini wa ya faɗa masa, tunda ni ake tuhuma.

Ya ajiye sandar ya ce ba wanda ya faɗa masa. Ya ce ɗan wasa yana iya ɓoye ciwo a fili, yana iya ɓoye wa likita, amma ba ya ɓoyewa a salla, don a nan ba ya tunanin ana kallonsa. Duk yaron da ake maganar cinikinsa, Baba yakan san yadda ya yi ya tsaya a bayansa a masallaci. Yana duban yadda zai taso daga sujada, wace ƙafa ce ke ɗaukar nauyi, da yadda zai lanƙwasa ta hagu a zaman tahiya, ko zai ɗan zame ta gefe. Na ce, "Kiristoci fa?" Ya ce su tabarma yake shimfiɗa musu ya sa a kawo musu masa da miya, ya jira ya ga tashinsu.

Na ce, "Baba, to taka sallar fa, ina ta tafi?"

Ya ce, "Na tambayi malam, ya ce in daina. Na ce to." Ya ɗauki sandar ya ci gaba da naɗa zare. "Ido ne, Uwata. Ko na sunkuyar da shi sai ya gani."

Sai na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, ya kira mijina ya faɗa masa haka da bakinsa. Nan Baba ya murtuke. Ya ce idan mijina ya ji yau, gobe duk filin wasa sun ji, jibi kuma kowane yaro da ya hango shi a sahun baya zai gyara zama ya daure wa ciwo. "In sa 'ya'yan mutane su riƙa yi mini salla ni? Zunubin kallon da nake yi ya ishe ni, ba zan ƙara da wannan ba." Ya sa na yi masa alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba muddin yana numfashi. Na yi kuka, na ce aurena fa. Ya ce aure ba ya mutuwa da wannan. Na tafi ban yi masa sallama ba, shi ne karo ɗaya a rayuwata da na yi masa haka.

Ya yi gaskiya, auren bai mutu ba. Ya kuma yi gaskiya a kan gwiwar, don ba ta kai inda ya ce ba ma, ta ajiye mijina. Wani ɗan'uwansa ya ja shi Kasuwar Muda Lawal, ya koyi cinikin hatsi, Allah ya sa albarka, har muka yi namu gini a Gwallameji. Ba ya zagi, ba ya hana ni komai, yara ba su taɓa jin kanmu ba. Amma tun daga ran nan bai ƙara gaya mini wani abu da ke damunsa ba. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi a shago, a bakin maƙwabcinsa na ji. Idan ya yi asara sai dai in gani a yadda yake cin abinci. Idan na ce zan je gida gaida su Baba, sai ya ce, "A gaishe su," da wata murya da ke nufin me kuma za a kai yau. Mace ta zauna da mutum tana wanke masa kaya, tana haifa masa 'ya'ya, amma yana kallonta a matsayin 'yar leƙen asirin ubanta, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma na sha shi ni kaɗai.

Na koma wa Baba da maganar ba sau ɗaya ba, har bayan ya daina zuwa fili, har da ciwo ya kwantar da shi. Na ce yanzu wa kake dubawa, me ya rage na ɓoyewa? Ya ce har yanzu ana aiko masa da yara su gaishe shi, kuma har yanzu lokacin salla na riskar su a gidan. Taurin kai irin na Baba, ko ciwo bai lanƙwasa shi ba. Ina ba shi kunu a baki ina jin tausayinsa, ina kuma jin kamar in girgiza shi.

Da aka watse zaman makoki na koma ɗakina, na yi kwanaki ina juya yadda zan fara. Tsorona ɗaya ne: ya ce na jira mai musa mini ya mutu sannan na ƙirƙiro labari. Ni ma da wani ya kawo mini irin wannan bayani bayan shaida ya kwanta dama, haka zan ce. Wata safiya dai, yara sun tafi makaranta, yana shan shayi kafin ya fita kasuwa, na zauna gabansa na ce, "Baban yara, akwai maganar da Baba ya hana ni faɗa sai bayan ransa." Na faɗa masa duka, sujadar, tahiyar, alkawarin, ban rage komai ba.

Ya ajiye kofin. Yana kallon ƙasa, ni kuma ina kallon fuskarsa ina neman inda ƙaryatawa za ta ɓullo. Can ya ce, a hankali, "Shi ya sa."

Na ce, "Shi ya sa me?"

Ya ce a watannin nan da ake maganar ciniki, duk lokacin da ya je gidanmu salla ta riske su a zaure, Baba sai ya dafa kafaɗarsa ya tura shi gaba ya yi limanci. Ga dattawa a wurin, ga waɗanda suka fi shi karatu nesa ba kusa ba, amma Baba ya ce shi zai ja, shi kuma ya tsaya daidai bayansa. "Ɗan ƙauye kamar ni, a gidan surukai, a sa ni gaba," in ji shi. "Duk shekarun nan da nake jin haushinsa, idan na tuna wannan sai in ce ai ko ba komai mutumin nan ya taɓa girmama ni a gaban jama'a. Shi kaɗai na riƙe."

Ya ɗago ya ce, "Ki yafe mini, maman yara. Na zalunce ki." Maganar da na yi shekaru ina jira ke nan, ta zo, amma ban ji daɗin da na zata ba, don ina kallo na ga na raba shi da girmamawar nan da ya riƙe kafin ya ba ni ita.

Na ce, "Wataƙila duka biyun ne. Wataƙila yana dubawa, yana kuma girmamawa. Bayan an fasa cinikin, da babu sauran abin dubawa, ya ci gaba da tura ka gaba?"

Ya ce, "Ban sani ba. Ban ƙara bari salla ta same ni a gidan ba."

Ya tashi ya ɗauki hularsa. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce gwiwar na damunsa kwanan nan, idan ya dawo in dafa masa ruwa.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa abin da idonsa ya gani a inda bai kamata ya duba ba. Ya yi masa hisabi mai sauƙi, kada a tsananta masa bincike.